Zaratan Josiah

"Guguwar Ketare, ku fito fili!" in ji Sheshi, sakataren kwamitin gasa, ta cikin lasifikarsa mai shaƙaƙƙiyar murya.

Yarana suka fito da gudu cikin sababbin jesinsu. 'Yan tsirarun mutane suka tafa, ciki har da mai rake, wanda na san don kunyata ya yi. Daga nan Sheshi ya tsaya yana sosa ƙeya, ya gyara murya.

"Sai kuma... ƙungiyar Koci Josiah."

Nan take fili ya rikice. "Zarata! Sunansu Zarata! Bakinka ciwo yake yi ne?" Mata masu sayar da soyayyar doya ma sai da suka bar kaskonsu suka sa baki.

Ni kuwa, Allah na tuba, daɗi ya cika ni har wuya.

Josiah Shekwolo ya taso daga bencinsa ya nufi wurin Sheshi, yana jan kumburarrun ƙafafunsa cikin silifas. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Ketaren Gwari tun muna angwaye. Na bi bayansa don kada labari ya wuce ni.

"Baba, wallahi ba laifina ba ne," in ji Sheshi. "Alhaji Ndakotsu ne. Ka san sabuwar ƙungiyarsa, Zarata Yunayited. Ya je Abuja ya yi wa kalmar rajista, ta zama tambarin kasuwancinsa. Lauyansa ya zo ofis da kansa. Yau ku yi wasanku, amma a kofin gari duk jesin da aka ga Zarata a jikinsa ba zai taka fili ba."

"Kalma ma ana sayen shi?" in ji Josiah da Hausarsa ta Gwari. "Lokacin da na sa wa yaran nan suna, Ndakotsu yana tallan biredi a tasha."

"Shi ya riga ka zuwa Abuja, Baba."

Na ce gemun ɗan'uwana ya kama wuta, bari in shafa wa nawa ruwa. Na matso na ce, "To Guguwa fa, Sheshi? Kada mu ma a zo mana da wannan."

"Kwantar da hankalinka, Malam Ɗayyabu. Naka babu wanda ya nema."

Aka kwashe da dariya. Kai! Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Daɗin da nake ji ya bi iska. Wato ko ɓarawo ya shigo layinmu, gidan Josiah zai haura, ni ya wuce ƙofata ko kallo ban ishe shi ba. Ranar kuma suka lallasa mu da ci uku da nema, su marasa sunan.

Ni tela ne, kuma ni na fi Josiah sanin ƙwallo, kowa ya faɗi gaskiya. Shi makanikin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, ko dokar satar gida ba ta zauna masa sosai ba. Amma shi ake kira Baban Zarata. Shi ake tsayawa a gaisar daga kan babur. Yaron da na koya wa tare ƙwallo da ƙirji, da zarar gemu ya fara tsiro masa sai in gan shi a ƙofar Josiah. Kowace shekara sai na sa an buga wa yarana sababbin jesi a Kasuwan Gwari. Shi kuwa tsofaffin nan ne dai, koraye, da ni na ɗinka wa fararen haruffa a baya shekarun da suka wuce. Da hannunsa yake wanke su, ya shanya a kan katangarmu, rabi a gefensa rabi a nawa. Ina alwalar la'asar ruwansu na ɗiga mini a ƙeya.

"Maigida, hassada ga mai rabo taki ce," in ji matata Azumi da na gama ba ta labari.

"Wa ke hassada? Gaskiya nake faɗa."

"To Allah ya ba mai gaskiya haƙuri. Ga tuwonka yana hucewa."

Bayan wannan wasan Josiah ya yi ta zarya. Ya je ofishin kwamiti, ya je wurin mai unguwa, ya sami wani lauya a cocinsu wanda ya ce masa a iya shiga kotu, amma kafin a gama yaran da ke bugawa yanzu sun yi jikoki. Har gidan Alhaji Ndakotsu ya je, maigadi ya bar shi a kan benci har rana ta yi tsaka. Yana dawowa a keke napep na ga sai da aka riƙe shi ya sauka.

Ciwon zuciya ne, in ji asibiti. Ya kwanta can, aka sallamo shi, ya sake komawa, aka sake sallamo shi. Damina ta kankama. Layinmu ya zama kamar kasuwa. Tsofaffin 'yan wasansa suka riƙa zuwa daga Kagara, daga Abuja, har da wani soja daga Kaduna. Babura suka tare mini ƙofar shago, mai kawo ɗinki sai ya raɓa. Na tuna bara da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni, wa ya zo? Mai tsaron gidan Guguwa ne kaɗai, shi ma safar hannu ya zo tambaya.

Ban shiga dubiya da wuri ba. Na ce sai an rage. Wata safiya matarsa Dorothy, wadda muke kira Maman Praise, ta leƙo shago.

"Malam Ɗayyabu, abokinka yana kira."

Na same shi a falo, an jingina shi da matasai don ba ya iya kwanciya sosai. Ya rame, wuyan nan kamar na zakara. A gefensa ga buhun Ghana-mas-go cike da jesi.

"Tela, sai yau?"

"Ai gidanka ya zama filin Idi. Ta ina zan shigo? Ya jikin?"

"Jiki ya gode. Zauna." Ya huta, ya ja numfashi. "Kofin gari ya kusa. Yaran nan sun yi shekara suna shiri. Wisdom, kyaftin dina, masu neman 'yan wasa za su zo kallon shi. Ba zan hana su ba don suna." Ya tura mini buhun da ƙafa. "Kai ka dinka. Kai za ka cire."

Na dube shi. Abin da na yi shekaru ina fata ke nan, ga shi an kawo mini har gida a buhu.

"Ka tabbata?"

"Kana so in roke ka ne? Na san ka dade kana jira."

"Ni? A'uzubillahi!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Maman Praise ta rugo da ruwa. Na ɗauki buhun na fita.

Bayan azahar na zauna a ƙofar shago da sabuwar reza. Har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa. Ɗinkin ya yi taurin kai, don lokacin da na yi shi sau biyu na bi kowane harafi, kada a ce telan Guguwa ya yi wa Zarata ha'inci. Na farke na farko, na biyu, har na gama da jesin Wisdom. Na kakkaɓe zare, na ɗaga shi a rana don in ga aikina.

Tabɗi! Sunan yana nan.

Rigar duka ta koɗe saboda wanki da rana, ta koma kalar ruwan kuka. Amma inda haruffan suka rufe, rana ba ta taɓa gani ba. Koren nan na asali yana nan shar, ZARATA, ya ma fi fitowa fiye da da. Na farke wata, haka. Wata, haka. Na wurgar da rezar.

"Wannan mutum ko me ya taka?" na ce da ƙarfi. "Abuja ta karɓe, lauya ya karɓe, reza ta cire, amma yana nan!"

Azumi ta leƙo daga cikin gida, ta kalli rigar, ta rufe baki da gyale tana dariya. Na naɗe rigar na shiga gidan Josiah ko sallama ban yi da kyau ba, na jefa masa a cinya.

"Ga tsiyarka nan. Ta ƙi fita."

Ya warware ta a hankali. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsa yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Idonsa ya kawo ruwa, ni kuma na mai da nawa kan kalandar cocin da ke bango.

"Ka dinka da karfi, Tela," in ji shi.

"Aikina ne. Ba don kai na yi ba."

"Na sani." Ya miƙo mini rigar. "Lauyan Ndakotsu yana da ido. Ka sa kyalle ka rufe. Kada a kore su a bakin fili."

"Zan rufe. Har da baƙin yadi ma, mai kauri."

"To madalla. Gaida Azumi."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na koma na farke sauran, na yanka baƙin yadi gunduwa-gunduwa daidai faɗin bayan kowace riga, na jera a kan tebur. Na ce gobe in hau keken ɗinki. Washegari da hantsi, ina cikin zura zare, na ji kukan Maman Praise ta kan katanga. Azumi ta fito da gudu ba ko takalmi. Na zauna da zaren a hannu, ƙafata a kan feda, na kasa takawa.

Aka sa ranar binnewa a Garatu, a gonar gidansu. Ana gobe Wisdom ya zo shago. Ƙato ne, amma idonsa ya yi ja kamar gauta.

"Baba Tela, jesinmu muke so. Mu za mu ɗauki akwatin."

"Ban gama ba. Ban rufe ba tukuna."

Ya kalli baƙaƙen ƙyallayen da ke kan tebur, ya kalle ni. "In za ka rufe yanzu, sai in jira."

Aikin bai fi na rabin yini ba, ga wuta, ga zare, ga izinin mai abu da bakinsa. Na ɗauki ƙyalle ɗaya na ɗora a bayan riga, sunan ya ɓace ɗif. Na kalla, na ji abin da na daɗe ina son ji, amma bai yi daɗin da na zata ba. Na janye ƙyallen.

"Keken ne ke tsinka zare," na ce. "Kwashe ku tafi. Ku dawo da su kafin kofi."

Hanyar Bida ta cika ranar. Motoci, babura, keke napep, har da tifa cike da matasa. Ina gaban motar cocinsu ina ƙirga kawuna a zuci, raina na ɓaci. Yarana na Guguwa ma duk sun zo, ba wanda ya tambaye ni. Na ce wa Azumi, "Ki gani ko? Ni ranar tawa, in aka cika sahu biyu a gode wa Allah."

"Maigida, yau ma?"

"Yau ma."

Daga bakin titi aka sauke akwatin. Zarata suka ɗora shi a kafaɗa, suka bi siririyar hanya tsakanin tulin doya da ganye ya lulluɓe. Matan zumuntar coci suna waƙa da Gwaranci. Ni ina bayan masu akwatin, don haka babu abin da ke gabana sai bayansu, sunan nan kore shar yana hawa yana sauka. Sheshi yana gefena. Ya gani, ya buɗe baki, na harare shi.

"An cire," na ce. "Ni na cire da hannuna. Akwai magana?"

"Babu, Malam."

Da aka isa bakin kabari na koma gefe tare da sauran Musulmi, fasto ya fara addu'a. Hadari ya haɗo ta gabas tun muna hanya. Ana zura akwatin da igiya yayyafi ya sauko. Babu wanda ya motsa. Yaran suna tsaye a jere, kawunansu a ƙasa, ruwa na sauka a kafaɗunsu.

Sai na ga koɗaɗɗen yadin yana shan ruwa yana yin duhu. Daga kafaɗa ya fara, yana gangarowa. Duk inda ya jiƙe sai ya koma kore kamar sabo, ya haɗe da haruffan. A bayan mai tsaron gida sunan ya tafi. A bayan na kusa da shi saura rabi. Ɗaya bayan ɗaya suna nutsewa, ga ƙasa ana turawa a rami.

Wisdom ne a ƙarshen layi, ƙarƙashin reshen ɗorawa, nasa bai gama jiƙewa ba. Na fizge lemar da ke hannun Azumi, na ratsa mutane ina taka kunyar doyar wani bawan Allah, na je bayansa na buɗe. Ya fi ni tsawo, sai da na yi ɗage. Bai waiwayo ba.

Ruwa na bin hannun rigata yana gangarawa har hammata. Na riƙe lemar a kan bayansa har aka gama tura ƙasa.