Makullin Alhaji Hassoumi

Faruk ya yi wa surukinsa ƙarya, ya raba dattijo da motarsa har wata huɗu. Ni na kama shi, kuma da takarda a hannuna na kama shi, don haka ba jita-jita nake kawo muku ba.

Wata Lahadi ce a ƙarshen Oktoba. Alhaji Hassoumi, maƙwabcina ƙofa da ƙofa a gidajen haya na bayan titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa, ya ƙwanƙwasa mini da hantsi, da ambulan a hannunsa.

"Malam Ɗantala, duba mini wannan. 'Yata Ramlatou sai yamma za ta zo, ni kuwa Ingilishi idan ya hau takarda ba na gane masa."

Alhaji mutumin Damagaram ne, Faransanci ya karanta. Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran injuna a wata masana'antar kujeru kafin ya yi ritaya. Ni aji huɗu na firamare na tsaya a Funtuwa, amma na koya wa kaina karatu da ƙamus da tsofaffin jaridu, kuma ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba.

Wasiƙar daga kamfanin inshora take, da sabon kati a ciki. Na karanta ta sau biyu. Sunansa ne a wurin mai mota, sunansa ne a wurin direba. Babu wani sharaɗi.

"Alhaji, wa ya ce maka sun hana ka tuƙi?"

"Faruk. Ya ce masu asiransi, inshorar nan taku, sun kira shi, wai wanda ya haura saba'in da biyar ba sa yarda ya ja mota mai lantarki. Wai tana fizga da sauri, kuma idan batirin ya kama wuta tsoho ba zai iya fita ba."

"Ƙarya ce."

Ya zauna a hannun kujerata, ya cire hula ya shafa kansa.

Motar ja ce, ƙarama, ba ta shan mai sai caji. Ita ce abu ɗaya da Alhaji ya saya wa kansa da ya bar aiki. Ya ce ya gaji da warin baƙin mai a hannunsa. Tun ranar da ya kawo ta, majalisar da muke yi ranar Asabar a shagon Tahirou, inda muke sayen gari da daddawa, ta samu abin magana.

Tahirou yakan ce, "Wallahi kada ka ajiye mini ita a bakin shago. An ce idan ta kama, 'yan kwana-kwana sai su wuni suna zuba ruwa."

Wani ya ce, "Ni abin da na ji, ko ɗan gogar ta aka yi ta ƙasa, sai inshora ta ce a yar da ita dungurungum, wai batir ya taɓu."

Alhaji ya kurɓi shayinsa ya ce, "To ku man da ke cikin tankinku ruwan zamzam ne? Shekara talatin kuna zaune a kan fetur, yau kuka gano wuta."

Daga nan sai hira ta koma kan zancenmu na kullum, wato komawa gida. Ra'ayina a bayyane yake: idan mutum ya gama aiki ya tattara ya koma garinsu. Na sha gaya masa haka a gaban jama'a. Shi kuwa ya gwada. Wata biyar ya yi a Damagaram ya dawo.

"Duk wanda na tambaya sai a ce Allah ya yi masa rasuwa," in ji shi. "Yaran da ke durƙusa mini ba su san sunan ubana ba. A nan kuwa har mai kawo wasiƙa ya san gwiwar da ke yi mini ciwo. Bon, ku ku tafi, ku gaishe su."

Ban yarda da shi ba, har yau. Amma ban taɓa ganin ɗan ritaya mai kwanciyar hankalinsa ba, kuma dalilin gonarsa ce. Wani coci can bayan Sedgefield yana ba baƙi aron fili, kowa da 'yar kadadarsa. Kullum bayan sallar Asuba Alhaji yakan tuƙa kansa can, ya yi ban-ruwa, ya dawo kafin Azahar da laka a ƙafar wando. Yana shuka kuɓewa da gauta, amma yakuwarsa ce abin alfaharinsa. Irin gidansu ne, kowace shekara yakan cire na baɗi daga na bana. Idan sanyin farko ya sauka kafin a girbe, ya ƙone ta, irin ya tafi ke nan.

A bazarar nan likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Bai hana shi tuƙi ba, ya ma ce motsa jiki zai yi masa amfani. Amma Alhaji ya san lissafin kansa. Ya ce mini, "Wannan yakuwar ita ce ta ƙarshe da zan cire da hannuna." Wata guda bayan haka Faruk ya karɓe makulli. Na kai shi gonar wasu ranakun Lahadi, sauran kwanaki ina wurin aiki, shi kuma ba mutum ne mai roƙon a rage masa hanya ba. Ya koma zaman baranda yana kallon motoci.

Yanzu ga shi a ɗakina, hula a gwiwa.

"Na daɗe ina zato," ya ce a hankali. "Duk abin da ya faɗa mini, a shagon Tahirou na fara jin sa."

"Kana zato ka yi shiru?"

"Malam, mijin 'yata ne. In dube shi in ce nuna mini takarda? Mu ko abinci ba ma ci a gaban juna."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Faruk ya san kunyar da ke tsakanin suruki da suruki, ya san dattijon nan ba zai taɓa ƙaryata shi ba, sai ya hau kanta ya yi sata.

"Rediyo ya ce daren Alhamis sanyi zai sauka," na ce.

"Na ji. Ka bar maganar, don Allah. Kada gidan yarinyar ya lalace saboda ganye."

"Kai surukinka ne. Ni ba surukina ba ne."

Bayan La'asar suka iso, kamar yadda suka saba duk Lahadi. Ina tsaye a wurin ajiye motoci. Jar motar ta shigo ba ƙara ko kaɗan, Faruk a gaba da baƙin tabarau, Ramlatou a gefensa da kular abinci a cinya. Ita ma'aikaciyar jinya ce, tun tana 'yar shekara bakwai nake ganin ta.

"Baba Ɗantala, ina wuni?"

"Lafiya. Ajiye kular nan ki karanta wannan."

Ta karanta a tsaye. Faruk ya leƙa ta kafaɗarta.

"Malam, ai wannan maganar cikin gida ce," in ji shi.

"Ƙarya ba ta da cikin gida."

"Don lafiyarsa na yi. Ku ba ku san motocin nan ba. Ana taɓa ta sai ta tashi. Idan wani abu ya same shi a hanya fa? Ni za a tambaya."

"To buɗe but."

"Me ya kawo but kuma?"

"Idan don lafiyarsa ka yi, buɗe mu gani."

Ramlatou ce ta danna ta buɗe. A wurin da fartanyar Alhaji da bokitinsa suke zama, jakar sandunan golf ce a kwance, da fararen takalma.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka ce mini kamfani ne suka kira ka."

"Ramla, ki tsaya in yi miki bayani."

"Wata huɗu ina ba Baba haƙuri. Ni da bakina nake ce masa doka ce." Ta miƙa hannu. "Kawo."

Ya ba ta. Ta hau bene, ta tarar da mahaifinta a baranda ya juya fuska gefe don kada ya ga surukinsa a wannan hali. Ta durƙusa ta ajiye makullin kusa da ƙafarsa. A tasi suka koma gida, da sandunan golf ɗinsu.

Ranar Litinin na ɗauki hutu na bi shi. Ban taɓa shiga motar ba sai ran nan, saboda ni ma ina cikin masu zagin ta. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya yi bisimilla. Tuƙinsa na dattawa ne, hannu biyu a sitiyari, motoci na wuce mu.

"Ka ji wani abu?" ya tambaye ni.

"Ban ji komai ba."

"To shi na saya."

A gona muka tarar da Josiah, wani dattijo mutumin Pankshin da kadadarsa ke jikin ta Alhaji. Ya jefar da tiyo ya taho yana ɗingishi.

"Kai, Banijare! Na ce ko ka gudu ka bar mini marayunka ne. Sau biyu a mako nake ba su ruwa, ko na gode ba su ce."

"Da ka bar su da ruwan Allah, arnen dutse, da sun fi haka kyau."

"Ji shi! Malam, ka ji irin godiyar mutanen hamada?"

Suka riƙe hannun juna suna dariya har Alhaji ya fara tari. Kuɓewar ta bushe, gautan ya zube, amma yakuwa na nan tsaye har ƙirji, ja wur. Alhaji ya shiga tsakiyarta da almakashi. Bai yarda mun taɓa manyan ba. Yakan duba, ya murza, ya ce wannan na sha ne, wannan na iri. Idan ya gaji sai ya zauna a kan kifaffen bokiti ya huta, ya sake tashi. Kwana uku ya yi yana wannan aikin, shi da Josiah. Daren Alhamis sanyi ya sauka kamar yadda aka faɗa, washegari duk abin da ya rage a filin ya yi baƙi. Nasa yana shanye a tabarma a falo.

Kwana goma sha tara ya yi yana tuƙa kansa bayan haka. Ya je masallacin Juma'a, ya je wurin likita, ya je shagon Tahirou ya ajiye motar daidai bakin ƙofa. Tahirou ya fito yana salati, Alhaji ya ce a kawo masa shayi waje don ya sa mata ido. Ya rarraba irin a ƙananan ambulan, ya rubuta sunaye. Josiah ya samu, Ramlatou ta samu, ni ma da ban taɓa shuka komai ba ya ba ni, ya ce in koya tunda na iya koya wa kaina abubuwa.

A rana ta ashirin numfashinsa ya yi nauyi, aka kai shi asibiti. Na je duba shi washegari da rana. An ɗaga masa gado, fuskarsa a sake, yana kallon itatuwan waje da suka zubar da ganye. Ramlatou tana zaune tana yanka masa lemo da ba zai sha ba.

"Malam Ɗantala, har yanzu kana cewa in koma gida?"

"Har yanzu."

Ya yi murmushi. "Kai dai ba ka canzawa. Ni na ji daɗin zamana. Na ci, na sha, na cire yakuwata." Ya ɗan huta. "Yaron nan, ku ƙyale shi. Na yafe masa."

"Naka ka yafe, Alhaji."

Ramlatou ta ci gaba da yanka lemon.

Ya cika bayan Azahar, da kalmar shahada a bakinsa, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa. Ni da Tahirou muka yi masa wanka. Kafin mu tafi maƙabarta Ramlatou ta kira ni gefe a ƙofar masallaci, ta ba ni saƙo, ta ce in isar da shi yadda ta faɗa.

An yi ruwa da safe, jar ƙasar wurin ta yi danƙo. Jama'a sun taru sosai, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, Josiah yana can baya da hularsa a hannu. Da aka ajiye makara liman ya ce, "Na kusa da shi su shiga su karɓe shi."

Alhaji ba shi da ɗa namiji, ba shi da ƙane a ƙasar nan. Kowa ya san wurin surukinsa ne. Faruk ya matso, ya cire takalmansa, ya fara naɗe hannun riga.

Na riƙe masa gwiwar hannu, na faɗa masa yadda shi kaɗai zai ji. "Matarka ta ce kada ka taɓa shi."

Ya dube ni, ya dubi liman. Liman ya kawar da kai.

Ni da Tahirou da wani ɗan garinsu muka shiga, muka karɓe shi, muka kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Faruk bai shiga ba. Ya tsaya a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da safa a ƙafarsa, a gaban kowa, har aka gama mayar da ƙasa.