Fiton Lofen Mai Agogo

Wata biyar da rasuwar Mai Agogo, amma ɗakinsa yana nan yadda ya bar shi: tebur a gindin taga, tabarau mai ido ɗaya, da agogunan bango huɗu, kowanne yana faɗin lokacin da ya ga dama. Lofensa na shan taba kuwa yana cikin aljihun tebur, naɗe a tsohon hankici.

Inna, matarsa, shekara talatin da biyu ta yi tana yaƙi da lofen nan. Yau ga ta, kullum da la'asar sai ta lallaɓa ta jawo aljihun ta shinshina shi. Da ta lumshe ido sai ɗakin ya cika da mutumin: tarinsa, kukan kujerarsa, hayaƙi yana hawa a hankali cikin hasken taga, ba ya sauri don ba inda za shi. Sabo turken wawa, in ji ta, kuma ba ta fasa ba.

Abu ɗaya ne warin taba ya kasa dawo mata da shi, wato fito. Duk Asabar marigayin yakan shimfiɗa tsohuwar jarida, ya murɗe karan lofen ya raba shi da kan, ya tsoma gashin kaza a ruwan lemon tsami, ya zura, ya juya, ya zaro shi baƙi ƙirin. Ba ya yarda da wayar ƙarfe, wai tana ji wa kara ciwo ta ciki. In gashi ya fito fari, sai ya kai karan baki ya busa, wani siririn fito mai hawa biyu ya ratsa tsakar gida har kicin.

"Kin ji ko?" yakan ce. "Lofe in ya yi tsafta waƙa yake yi."

Ita kuma ta fito da ludayi a hannu ta yi masa faɗan ɓata mata jarida da ƙasa, daga nan ta zauna gefensa, ta manta da abin da ke kan wuta.

A watannin jinya hannunsa ya daina riƙe abu, karan ya toshe da baƙin maiƙo. Inna ta sha busawa, ko iska ba ta wucewa. Ta kuma san in ta wanke, warin nan da take fakewa a cikinsa zai bi ruwa, in ta bari kuma ba fito har abada. Ta yi makonni tana juya maganar. Kewar fiton ce ta fi ƙarfi.

Ranar wata Asabar ta shimfiɗa jarida. Gashi na farko ya karye a ciki, ta sha wuya kafin ta zaro shi da tsinke. Na biyu ya wuce. Tana zurawa tana juyawa, agoguna suna ta surutunsu, har ta ji kamar hannun da ke aikin ba nata ba ne, kamar wani ya tsaya bayanta yana cewa a hankali, a hankali, ba tukunya kike kankarewa ba. Gashi na tara ya fito fari fat. Ta kai karan hanci, ba ta ji komai ba sai lemon tsami. Ta daure, ta rufe ido ta busa.

Iska ce kawai ta fita, fuuu. Ta sake. Ta juya karan, ta toshe rabin bakinsa da yatsa, ta busa har kumatunta suka yi zafi.

A haka ƙanen mijinta ya yi sallama ya same ta. Tela ne, bakinsa ba ya hutawa.

"A'a, matar Yaya! Da girmanki za ki fara shan lofe? Wa zai aure ki yanzu in ba ni ba?"

"Rabu da ni, sarkin surutu. Na lalata shi. Na wanke shi tas yadda yake yi, ya ƙi yin fito."

"Wane fito?"

"Fiton da yake yi mana, in ya yi tsafta."

Telan ya dube ta, ya dubi karan, ya daina wasan. Ya ja kujera ya zauna.

"Matar Yaya, kara ai rami ne kawai, ba ya fito. Yaya ne ke yi da giɓin haƙorinsa. Tun muna yara da shi yake kiran tattabarunsa. Karan nan fakewa kawai yake yi da shi."

"To me zai sa ya yi mini ƙarya shekara talatin?"

"In ya ce zo ki zauna kusa da ni, za ki zo?"

"Ina fa! Ina da aiki."

"To."

Inna ta ji haushin marigayin, tsohon nan mai wayo, ta ji kuma sonsa ya taso mata. Ta dubi karan da ke hannunta, ba wari, ba waƙa, sai ta fashe da dariya hawaye yana zuba.

"Ja'iri," ta ce. "Ashe duk Asabar kirana yake yi, ni kuwa ina zuwa da faɗa."

"Amma dai kina zuwa," in ji telan.