Waƙar da Malam Bai Yi Mini Ba

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma sai kowa ya ji shi, don ban huce ba. Jikata Rumaisa ce ta jawo. Da yamma ta kunna mini wani fim a wayarta: saurayi mai sayar da kankana ya hango yarinya, ya faɗa kwata yana kallonta, ya tashi tsamo-tsamo yana yi mata waƙa. Na yi dariya har haƙarƙarina ya riƙe. Da na kwanta kuma sai abin ya tsaya mini a wuya. Na yi zaman aure har furfura, har Malam ya koma ga Allah, ko baiti ɗaya ba a taɓa rera mini ba. Ni ba mace ba ce?

Sai ga ni a wani gari, ruwan sama yana tasowa daga ƙasa yana hawa, mutane sun riƙe lema a ƙarƙashin ƙafafunsu. Kowa a guje yake, amma ba wanda ake kora, masoya ne kawai suke zagaya bishiyoyi. Duk wadda ta ɓuya a bayan bishiya sai ta fito da sabuwar atamfa. Na gwada. Na fito cikin leshi ruwan ƙwai, ɗaurin kaina ya kusa taɓo gajimare. Na ce to, haka ake yi!

Na tare wani jaki mai tuƙa Keke, na ce, "Kai, ina ake kai ƙara a garin nan?"

Ya ce, "Ai kina ciki, Iya."

Kotu ce kuwa, a cikin wata ƙatuwar kankana da aka fafe. Alƙali bunsuru ne da tabarau, yana tauna hularsa a hankali.

Ya ce, "Tasalla, me ke tafe da ke?"

"Haƙƙina. Yaran da ko miyar kuka ba su iya kaɗawa ba ana bin su cikin furanni ana yi musu waƙa. Ni da na daka, na tuƙa, na haifa, na yi jinya, abin da na sani shi ne 'akwai sauran tuwo?' A fito mini da shi ya biya ni."

Kaji suka yi tafi. Alƙali ya buga ƙaho a tebur, aka buɗe wata randa, sai ga Malam ya fito a bushe, da tsohuwar jamfarsa mai ƙonewar guga a kafaɗa. Ashe na yi kewar kunnuwan nan nasa masu kama da faifai.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ɗaurin fa? Gobara ake yi?"

"Rufe mini baki, ka zo ka yi waƙa."

"Da wace gwiwar zan bi ki da gudu?"

Nan take wata bishiyar dalbejiya ta ce a bar mata, ita za ta riƙa zagaya mu. Makaɗa suka faɗo daga ƙasa zuwa sama, suka dawo. Kalangu ya ɗauka. Wallahi ƙafata da kanta ta fara motsi.

Sai alƙali ya ɗaga kofato, kiɗa ya tsaya.

"Doka ɗaya ce a nan. Ba a yi wa mace waƙa sai ta kira masoyinta da sunansa. Da ƙarfi, yadda yarinyar fim take yi."

Jama'a, ni da ban taɓa tauna magana ba, ni da na tsaya a ƙofar mai unguwa na wanke shi tas, sai bakina ya mutu. Sunan miji? Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa furta shi ba. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, Babangida nake ce masa.

Na ce, "Malam."

Alƙali ya ce, "Rabin garin nan Malam ne."

"Baban su Lantana."

"Randa za ta rufe, Iya."

Na waiga, ruwan randar ya fara janye Malam, har ya kai masa ƙugu. Shi kuwa murmushi yake yi, wannan na gefen baki da yake yi idan ya ɓoyo mini tsire a aljihu. Ya ce, "Kin ga, ashe ke ma da naki bashin."

Na runtse ido na ƙwala sunan. Duka, har da na mahaifinsa. Ku ba za ku ji shi ba, sau ɗaya aka ce. Kankana ta tsage, kaji suka rangaɗa guɗa, Malam ya yi tsalle ya faɗa kwata kamar yaron fim, ya miƙe yana ɗiga, ya dafa ƙirji, ya buɗe baki.

Garrrrr.

Injin markaɗen Ɗanliti ne a bayan katangarmu, gari ya waye. Na duro daga gado, na ɗaura zane, na ɗauki muciya zan je in koya masa hankali. Ina bakin ƙofa na tsaya na saurara. Na san muryar Malam sarai, na sha jin ta idan yana kiran awaki. In da ya yi waƙar, da haka za ta fito.

Na ajiye muciyar na zauna a dokin ƙofa, har Ɗanliti ya gama markaɗa wakensa.