Yatsan Baba Solomon

"Wa ya dangwala mini hannu a nan?" in ji Baba Solomon, yana duban wata takarda a hannunsa.

Adama maƙwabciyarsu ta sunkuyar da kai, don ita ce. Jiya wata likita ta bar takardar neman jinin masu ciwon hanta, ta ce sai ya farfaɗo a karanta masa. Adama ta ɗauka magani ne kyauta. Ta ce wa matarsa Rebecca, "Maman Gabriel, kar ya wuce ku." Ta lakato baƙin tukunya, ta shafa wa yatsansa yana barci, ta danna.

"Ni ce, Baba."

"Adama! Shekara ashirin da biyu ina soja, ba wanda ya taɓa amsa mini suna a fareti. Yatsan nawa ne, amma ni ba na nan."

Da hantsi likitar ta iso a bayan mashin. Ya ce ta karanta masa, kar ta tsallake komai. Tana karantawa da Hausa, Rebecca tana mayar masa da yarensu na C'lela inda ya yi nauyi.

"'Yata, abin nan zai warkar da ni?"

"A'a, Baba. Ba magani ba ne, bincike ne."

Rebecca ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da zane.

"In na ƙi fa?"

"Zan ci gaba da duba ka kamar kullum."

"To wa zai amfana?"

"Wataƙila jikokinka. Wataƙila ba kowa."

Ya kalli rumbun dawarsa ta ƙofa, sannan ya yi dariya har da tari. "Ko dawa haka muke shuka ta." Ya yage takardar farko, ya ce a ba shi sabuwa. Da aka kawo, ƙarfinsa ya ƙare, hannun ya ƙi ɗaguwa. Adama ta matso za ta taimaka, ya ce, "Kul! Kin yi naki." Sai da gumi ya keto masa kafin yatsan ya kai ga tawada, ya sauka a kan takarda. Adama ba ta taɓa ganin namijin aiki irin wannan ba.

Kwana huɗu ya ƙara.

Ranar jana'iza, kafin a rufe akwatin, Adama ta leƙa. An sa masa farar riga, an haɗa hannayensa a ƙirji. An wanke shi fes, amma shuɗin tawadar yana nan a yatsan.