Gidan Tela Daga Sama

A ofishin tsare-tsare na ƙaramar hukuma Mai Taswira ake ce mata, don ita ke zama gaban kwamfutar da ta haɗiye garin ɗungurungum. In ta danna wani ɗan akwati a allon kwamfutar rijiyoyi su fito, wani makarantu, wani kuma ya nuna inda ruwa ke kwanciya da damina. Da wannan ne hukuma ke sanin inda za ta shimfiɗa titi ko ta haƙa magudana.

Ranar da babanta, tsohon tela, ya ce zai zo ya ga gidansa daga sama, gabanta ya faɗi. Sabuwar magudanar da za ta raba unguwarsu da ambaliya ta tsakiyar gidansa za ta bi, kuma ita ta ja layin da hannunta. Ta gwada gabas, ta gwada yamma, amma ruwa ba ruwansa da ko 'yar waye ita. Ta kasa gaya masa. Kafin ya shigo ta kashe akwatin magudanar.

Baba kuwa akwai bin diddigi. Mutum ne da zai kwance rediyo lafiyayye don kawai ya ga abin da ke ciki. Ya gyara tabarau, ya kai hanci dab da allon.

"Ikon Allah! Wannan kwanon da ya yi tsatsa nawa ne? Ashe haka tsuntsaye ke ganin asirina. To wa ya hau sama ya ɗauka?"

"Tauraron ɗan'adam ne, Baba."

"Ba sallama?"

Ta yi dariya. Kafin ta ankara ya janye linzamin kwamfutar yana danne-danne. Rijiyoyi suka fito, ya yi murna. Makarantu suka fito, ya gane wadda ta yi. Sai ya danna akwatin da ta kashe, jan layi ya ratsa ɗakinsa kamar zare a kan yadi.

"'Yar nan, wannan fa?"

Ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Ya sa ta matsar da layin ya gani. Da ta matsar, shuɗin ruwa ya cika gidajen maƙwabta har ɗakin shan magani. Ta mayar da shi. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗinkin ya yi," in ji shi. "Ko ni ta nan zan yanka. Amma ya yi zafi."

Sai ya nuna wasu fararen ɗigo a tsakar gidan.

"Hoton na yaushe ne?"

"Bara waccan, da rani."

"To shanyar mahaifiyarki ce. Lokacin tana da rai ke nan, Allah ya jiƙanta."

Mai Taswira ta duba. Kullum gidan nan na gabanta a allo, ba ta taɓa lura ba. Hawaye suka zubo mata.

"Cire jan layin," Baba ya ce a hankali. "Ki buga mini wannan, babba."