Faratan da Dwight Ya Kawo

Ni da yayana Merle ne muke riƙe da shagon gyaran bindigogi a kusa da kogin Copper, shi yana aikin ƙarfe, ni ina na fata da katako. Masu zuwa wurinmu galibi mutanen daji ne, masunta da mata masu zaman kaɗaici a bukkokin da beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, ke gilmawa ta ƙofarsu kamar akuyar maƙwabta.

Da ƙanƙara ta narke a shekarar nan, wani Dwight Kessler ya shigo da wata shirgegiyar bindigar hannu, libarba. Baƙo ne, daga Arizona ya taso ya sayi bukka a bakin rafi. Ya ce tana yi masa nauyi a ƙugu, yana so a rage mata hanci, a sassauta kunamar, a yi mata mariƙi daidai tafin hannunsa. Merle ya datse hancin, ya goge bakin har yana sheƙi, ya ɗora mata saiti mai ɗigon ja wanda ake gani ko a duhun kurmi. Ni kuma na ɗinka masa kuben ratayawa a ƙirji, yadda ko yana tsaye cikin ruwa hannunsa zai kai gare ta.

Ranar da ya zo karɓa, Merle ya ce masa irin wannan bindiga, sa'ar mai ita shi ne ta tsufa ba a harba ta a kan dabba ba. Dwight ya yi dariya ya ce in haka ne ai da sanda ya saya.

Ƙarshen lokacin kifi sai ga shi ya dawo tare da matarsa Jolene. Tun kafin ya buɗe ledar da ke hannunsa wari ya cika shagon. Ya zazzage ta a kan teburin da nake yankan fata. Farata ne, da guntun nama da gashi manne a gindinsu, tsutsa tana motsi a ciki. Sai da na toshe hanci da gefen rigata.

"Dattijo, so nake ka dasa mini waɗannan a jikin mariƙin, kowa ya gani," in ji Dwight.

Ya shiga ba da labari: wai wani ƙaton beyar ne ya taso masa daga cikin ciyawa, har yana jin hucin bakinsa, shi ko gezau. Merle ya sa awartaki ya ɗaga farce ɗaya. Bai kai rabin ɗan yatsana ba.

"Wannan ƙaton naka, ya gama shan nono kuwa?" Merle ya tambaye shi.

Jolene ce ta amsa, idonta a ƙasa. Ta ce tun farkon bazara mijin nata yake zuba hanjin kifi da tsohon man suya a bayan bukka, har wata uwar beyar ta saba zuwa da ɗanta. Daga tagar kicin ya harbe su, kofin shayinsa na gefe. Uwar ta gudu tana jan ƙafa, ɗan ya tsaya yana kuka, shi ne ya ƙara masa harsashi.

"Rufe mana baki, Jo," in ji Dwight.

"Na rufe ai, ya isa haka," ta ce, ta fice ta shiga mota.

Merle bai ɗaga murya ba. Ya ce masa ya kwashe ƙazantarsa ya fita, kuma kada ya ƙara tako shagon ko da allura yake nema. Dwight ya tsaya surutu, wai bindigarsa ce, filinsa ne. Yana cikin maganar na ɗauki waya na kira jami'in kula da namun daji, a gabansa, na faɗi sunansa da inda bukkar take.

An samu uwar a cikin kwari bayan wasu kwanaki, ƙafar ta ruɓe, ƙudaje sun rufe ta, dole aka ƙarasa ta. Aka ƙwace libarbar, aka haramta wa Dwight farauta. Jolene ta koma Fairbanks wurin ƙanwarta, shi kuma muka ji ya sa bukkar a kasuwa.

Teburin nan na wanke shi da sabulu, na goge da kananzir, warin bai fita ba. Daga baya muka ciccibe shi ni da Merle, muka kai bayan shago muka cinna masa wuta.