Ranar da Jethro Scarth ya yi shiru

A shekarar da annoba ta taso daga Landan ta bi ƙauyuka, Jethro Scarth, mai gasa burodi a Wenlow, yana cikin dattawa goma sha biyu masu yanke shawarar gari. Da safiyar ranar taro matarsa Dorcas ta ja shi gefe, ta ɗaga hannun 'yarsu Tamsin. Kaluluwa ce a hammatarta, ta kai ƙwan tattabara.

"Maigida, kada ka bari su sani," in ji ta.

Da hantsi suka taru a ɗakin bayan coci, kowa ya ja kujerarsa nesa da ɗan'uwansa. Limamin coci, Ambrose Pell, ya karanta shawarar: duk gidan da aka ga alamar ciwon, za a kafe ƙofarsa kwana arba'in, da mai lafiya da maras lafiya a ciki.

"Akwai mai ja?"

Jethro ya buɗe baki. Sai ya ga mahaucin garin ya zuba masa ido, yana duban gumin da ke tsattsafo masa a goshi. In ya yi magana, za a tambaye shi dalili, a bi shi gida. Ya sunkuyar da kai.

"Rubuta," in ji limamin ga magatakarda. "Nemine contradicente."

Da aka watse Jethro ya tsaya a kan magatakardan.

"Me ka rubuta da Latin ɗin nan?"

"Cewa babu wanda ya musa."

"Amma ni ban ce na yarda ba."

"Ai ban rubuta ka yarda ba, Jethro. Ba ka hana ba, shi ke nan. Lafiya kake kuwa? Fuskarka kamar garin alkamarka."

Ya fita ya nufi gida. Tun daga nesa ya hango matar mahauci tsaye a tagar gidansa, ta toshe hanci da gyale. Ta riga ta gani.

Kafin azahar masu guduma suka iso. Suka ce shi yana iya zama a waje, tunda ba a gan shi da alama ba. Ya dubi titi, ya dubi Dorcas da ke rungume da yarinyar a bakin matakala. Ya shiga, ya ja ƙofar da kansa.

Dorcas ta rasu a kwana na tara. Shi da Tamsin suka fito da rai, a rame, lokacin da ake girbin sha'ir.